Malam Sule da Ƙuliƙulin Wuta

Ku da kuka san kakana Malam Sule Kafinta na Ruwan Bago, na san tun ban ce komai ba hancinsa kuka tuna. Sallama kam zai amsa maka ita cikakkiya, amma kafin a kai ga "ina kwana" ya riga ya kama bakin rigarka ya kai hanci. Sai ya ja numfashi, ya lumshe ido, ya ce, "Marke. Ɗanye ma kuwa." Itacen da aka hura a gidanka ke nan ya faɗa. Daga nan ne zai tambayi iyali da gajiya. Liman bai tsira ba, mai unguwa bai tsira ba, har malamin gona da ya zo daga Karaye da farar rigarsa sai da aka shinshine shi tas, aka gaya masa da karan dawa aka dafa masa shayi.

Sau ɗaya aka taɓa yi masa musu. Akwai wani maƙwabcinmu gwauro, Ɗan'azumi. Malam ya shinshine shi ya ce darbejiya. Ɗan'azumi ya rantse rabonsa da hura wuta a gidansa tun fitar matarsa. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ban ce a gidanka ba." To gida ɗaya ne a unguwar ake girki da darbejiya, gidan wata bazawara. Ba a yi wata biyu ba aka ɗaura aure, Malam ya je yana ta hura hanci kamar shi ne waliyyi.

In kuwa ya hango hayaƙi ya turnuƙe daga wani gida, magana ɗaya gare shi: "Wuta aka nema, shi kuma wa ya aike shi?" Har yaran gari suka haddace, in sun gan shi tafe sai su riga shi faɗa.

Mutanen waje sun ɗauka rikicin tsufa ne. Mu na cikin gida mun san dalili. Ni a hannunsa na tashi, shi da matarsa Iya, tun da aka yaye ni. Iya tana da ciwon fuka. Da sanyi ya shigo, sai a jawo guma-guman itace a hura a tsakar ɗaki a rufe ƙofa, kamar yadda kowane gida yake yi. In an hura, hayaƙi ya sarƙe mata numfashi. In an kashe, sanyi ya sarƙe mata shi. Wata shekara abin ya yi tsanani har aka kai ta asibiti a Karaye, malamin asibitin ya ce a raba ta da hayaƙi, a kuma raba ta da sanyi, in ba haka ba wani sanyin ba da ita za a yi shi ba. Duk wanda ya ji sai ya ce ai wannan ba magana ba ce, ina aka taɓa ganin wuta ba hayaƙi? Malam shi kaɗai ya ɗauke ta kamar an ba shi aikin ƙofa. Ya zare fensir daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar, ya ce zai yi.

Wai a tunaninsa, itace yana hayaƙi ne saboda girman kai: ƙato ne, cikinsa da ruwa, wuta ba ta iya cin sa gaba ɗaya. Sai a ƙanƙantar da shi. Abin da ya fi kowane itace ƙanƙanta kuwa shi ne garin katako, wanda yake zuba in ana yanka da zarto. Na rumfarsa bai isa ba, saboda haka duk ranar kasuwa sai ya saka rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki tsintsiya da buhuna, ya hau a-kori-kura zuwa Karaye wajen masu yankan katako. Mutum da furfurarsa, yana share wa 'ya'yan cikinsa wajen aiki! Da suka gaji da kallo suka tambaye shi me zai yi da shi, ya ce miya zai kaɗa.

Gwajin farko, Allah ya kiyaye. Ya tara garin a kasko ya sa masa wuta, hayaƙin da ya tashi ya fi na ɗanyen marke sau nawa. Kaji suka fice daga gidan, ni na bi su, Iya ta koma gindin mangwaro tana tari tana dariya. Malam ya fito ido jawur yana hawaye, ya dubi hayaƙinsa na kansa ya ce, "Kai kuma wa ya aike ka?"

Daga nan ya gane gari yana toshe wa iska hanya, sai an dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Ya daka ɓawon gyaɗa ya haɗa, tunda shi kam a garinmu zubar da shi ake yi. Saura abin da zai kama su. Kwana uku kokon karin kumallon Iya yana ɓacewa, ana ɗora wa mage, sai rana ta huɗu ta kama shi a bayan rumbu yana juye kwanon a cikin garin katako. Bai ko ji kunya ba, cewa ya yi ta riƙa yin sa da kauri. Da ta hana shi kokon ya koma jiƙa rogo yana tacewa yana damawa, wannan kuwa ya kama.

Sai kuma ya ce dunƙulen hannu ba ya matsuwa. Iya tana da injin taliya, shi take murzawa tana sayarwa da manja da yaji. Ta je barka maƙwabta, ta dawo ta tarar da injin a hannun Malam ya cushe, ko motsi ba ya yi. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ya sassaƙa mata kujera 'yar tsugunno ya kawo biko, ta karɓa ta zauna a kai, ta ci gaba da ƙin yi masa magana.

A ƙarshe famfon keke ne ya fitar da shi. Ya yanke bakinsa, ya riƙa cusa kwaɓin yana dannawa da ƙirjinsa, yana fitowa dogo a matse, yana yankawa tsawon ɗan yatsa, yana shanyawa a rana har ya bushe ƙamas. Murhun kuwa garwar kananzir ce, ya huda mata ƙasa da ƙusa, ya yi mata wuya da gwangwanin madara. Ana zuba 'yan curin a ciki a kunna daga sama, wutar ta riƙa ci tana sauka a hankali. Da ta kama, ko ɗigon hayaƙi ba ka gani, sai ɗumi. Ya sa wa garwar suna Mai Kunya. Doka ɗaya ya kafa, ba a rufe taga in tana ci, wai ko mai kunya tana son shan iska.

Wannan sanyin Iya ta yi shi ba a kai ta asibiti ba. Malam ya bi gari gida-gida yana ba da labari, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Yanzu ku dubi kamar abin nan: tsawon yatsa, ja-ja, busasshe, yana ɗan ƙanshin gyaɗa. Me ya yi kama da shi in ba ƙuliƙuli ba?

Ranar da aka zo neman aurena, Alhaji Mudi daga Kafin Dafga, baffan mijina Garba, shi ne ya jagoranci tawagar, dattijo mai kunya da kawaici. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Malam ya shinshine su ɗaya bayan ɗaya, aka gaisa, amma kafin a buɗe maganar da ta kawo su, zumuɗi ya kwashe shi. Bai taɓa yin baƙi daga wani gari ya bar su sun tafi ba su ga Mai Kunya ba. Ya shiga gida ya ɗauko faifai cike da 'yan curinsa, ya ajiye a gaban Alhaji, ya koma ɗauko garwar. To a ƙasar nan me baƙo zai yi da abin da aka ajiye masa a faifai? Alhaji ya yi bismillah ya ɗauki ɗaya.

Garba ne ya ba ni labarin daga baya, shi kuma ƙanensa da yake wurin ya ba shi. Wai ƙarar da haƙorin Alhaji ya yi sai da kowa ya ɗago. Ya tauna, ya tauna, abu ya ƙi zama komai. Tofarwa a gidan surukai kuwa ba ta taso ba. Ya runtse ido ya haɗiye, ya kora da ruwa. Malam ya dawo rungume da garwa, ya ga gemun baƙo da garin katako. Alhaji ya yi ta maza ya ce, "Madalla da wannan ƙuli. Sai dai gishirin ya ɗan yi kaɗan."

Wani ne da sai ya nutse don kunya. Malam ajiye garwar ya yi, ya tsugunna gaban Alhaji, fuska cike da murna, ya ce, "Alhaji, don Allah gaya min gaskiya. Ya bushe har ciki?"

Da aka yi bayani, zauren ya ɗauki dariya har mata suna leƙowa. Auren dai an ba su. Da za su tafi, Malam ya raka su har bakin hanya, ya riƙe hannun Alhaji ya ce masa yau da gobe kada ya zauna kusa da mai ashana. Tun daga ranar garin ya sa wa abin suna ƙuliƙulin Malam, Alhaji Mudi kuma har ya bar duniya ba ya cin ƙuli sai ya fara karyawa ya duba.

Rigimar da ta fi kowace ita ce ta haihuwata ta fari. Na dawo gida wanka cikin tsakiyar sanyi, a ɗakin Iya aka sauke ni. Garba kuwa, sabon uba, yana so a san ya isa. Ya ciko amalanke biyu da guma-guman kirya da marke, itacen wankan jego, aka jibge a ƙofar gida mutane suna ta sa albarka. Tare da itacen ya turo gwaggonsa, Gwaggo Hanne, ita za ta yi min wanka. Mace ce mai faɗa a ji, ta wanke masu jego sun fi a ƙirga, kuma a wajenta mai jegon da ba a gasa ta da wutar itace ba, ɗanya ce har abada.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa, Malam yana Karaye wajen shara. Gwaggo ta dubi Mai Kunya a kusurwar ɗaki ta ce a fitar mata da wannan gwangwanin. Ta sa aka jawo gungumen marke biyu aka hura a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta rufe taga, ta saki labule. Na buɗe baki zan yi magana, Iya ta harare ni. Kunyar surukai ta hana ta musawa, ta ce ba komai, ai na kwana arba'in ne kawai, za ta jure.

Ba ta jure ko na yini ɗaya ba. Kafin la'asar tana jingine da bango, baki buɗe, numfashin yana fita da ƙugi, tana yi min alama da hannu wai kada in kira kowa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ga jariri a hannuna, ga Iya tana neman tafiya a gabana.

Malam tun daga bakin zaure hancinsa ya gaya masa. Muka ji an yar da buhu. Ya shigo, ya naɗe hannu da rigarsa ta Juma'a, ya jawo gumagumai da wutarsu ɗaya bayan ɗaya ya watsa tsakar gida. Ya tura taga, ya tallabi Iya ya fito da ita iska, ya zauna yana yi mata fifita da hularsa har numfashin ya daidaita. Rigar ta ƙone har gwiwar hannu. Sannan ya juya wajen Gwaggo, a hankali, ba faɗa, ya ce, "Hanne, jegon nan na kwana arba'in ne. Wannan tsohuwar kuwa shekara arba'in muna tare, kuma ba ni da wata."

Gwaggo ta ba da haƙuri, don ba ta san da ciwon ba. Amma fa Gwaggo ce. Washegari ta ce ta yarda da maganar ɗaki, sai dai ruwan wanka ba za a dafa shi da ƙuliƙuli ba, ba zai tafasa ba. Malam ya ce ƙarya ne. Aka yi gasa a bayan gida, rabin unguwa a tsaye. Tukunya biyu manya, ruwa daidai. Gwaggo ta hura kirya, Malam ya jera garwa uku ya ɗora tasa a kai.

Jama'a, an kayar da kakana. Tukunyar Gwaggo tana ta ɓararraka, an kwashe, an yi min wanka, na sha kunun kanwa, na fito, tasa ko tururin kirki ba ta fara ba. Yana tsugunne yana leƙa ta. Gwaggo ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ko a jira ta har suna?" Ya tsoma yatsa, ya cire, ya ce, "Ta tafasa. Kunya ce ta hana ta nunawa."

Haka aka yi sulhu. Ruwan wanka a can bayan gida da itace, inda iska take kwashe hayaƙin ta yi daji da shi. Cikin ɗaki kuwa Mai Kunya a ƙarƙashin gado, taga a buɗe. Ni dai na gasu, ga ni nan har yau ban zama ɗanya ba.

Sai dai Garba da ya zo ranar suna ya ga itacensa ya ragu sosai, ya yi murna ana ta amfani da shi. Bai sani ba, Malam ne yake jan manyan kiryar zuwa rumfarsa. Ranar da na yi arba'in zan koma, aka ɗora min sabon turmi da taɓarya biyu da kujera. Garba ya yi ta godiya. Malam ya ce, "Kai za a gode wa, ai itacenka ne." Ya nuna masa buhun 'yan curi guda da ya yi da garin da ya zuba wajen yankan, ya ce wannan ma nasa ne, hali kawai ya gyara masa. Turmin yana nan, da shi na daka yajin jegon 'yata.

A shekarun da kananzir ya yi wuyar samu, masu risho suka dawo suna sallama a ƙofar gidanmu, har da matan ma'aikata daga Rogo. Waɗanda suka yi masa dariya yana shara, su ne suka zo da garwa a hannu. Bai hana kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne, sai ka tsaya an shinshine ka, an faɗi laifin gidanka a gaban jama'a, sannan a huda maka garwarka.

Da tsufa ya kama shi sosai ya daina aikin ƙofa da benci, amma famfon nan bai huta ba. Rani duka yana bayan gida yana dannawa, ƙirjin ma ya daina iyawa ya koma dannawa da gwiwa. Muna tsokanarsa wai ko gari zai ɗumama. Ya ce mu bar shi, aikin banza yake yi irin na tsofaffi.

Ya rasu da kaka, ana cirar gyaɗa, bayan 'yar jinya ta kwana biyar. Na ga an wanke shi, na ga an fita da shi, amma zuciyata ba ta yarda ba. Sai da matan unguwa suka kafa manyan tukwane a tsakar gida don abincin masu zaman makoki, suka hura itace. Hayaƙi ya tashi ya rufe gidan Malam Sule. Ni da Iya muna can bakin ƙofar ɗaki, ta toshe hanci da mayafi. Muka zuba wa zaure ido, mu biyu, muna jira. Ba wanda ya fito ya tambayi wa ya aike shi. Iya ta yi 'yar dariya hawaye na zuba ta ce, "Asabe, da gaske fa ya tafi." A nan ne na yi kukana.

Bayan an share makoki, baffannina suka zo duba abin da ya bari. Rumbu biyu ne a gidan. Na farko dawa ce. Na biyun, wanda ya yaɓe bakinsa da laka ya hana kowa taɓawa, kowa ya ɗauka gero ne. Aka fasa, babban baffana ya zura hannu, ya fito da ƙuliƙulin Malam. Ya sake zurawa har kafaɗa, shi ne dai. Tun daga ƙasa har baki, buhu kan buhu, an barbaɗe da toka da ganyen darbejiya saboda gara. Gidan makoki ya koma gidan dariya, har malamin da aka kira don rabon gado ya cire tabarau yana share ido.

Da aka fito da buhunan ne muka ga rubutun. A jikin kowanne ya rubuta da fensirinsa na kafinta, da ajami, kalma biyu: sanyin Iya. Ya ware su kashi-kashi, kowane kashi na shekara guda, har kashi bakwai. Dariyar ta tsaya. Iya ta shafa buhu ɗaya ta ce a mayar mata da kayanta yadda ya jera su.

Sanyi biyar ta yi bayansa, ba ta sake kwana da hayaƙi ba, kuma ba fuka ce ta ɗauke ta ba, lokaci ne ya yi. Kashi biyun da suka rage aka raba wa tsofaffin unguwa. Ni na ɗebi cikin gwangwani ɗaya, yana nan cikin adakata. Wani lokaci nakan buɗe in kai hanci, kamar yadda yake yi.

Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan Iya. Yadda ya yi shekaru yana tare mata hayaƙin duniya, Allah ya tare masa wuta da hayaƙinta, ya sanyaya makwancinsu, ya haɗa su a inda babu tari babu sanyi. Amin.